Juma'ar da Na Ci Gardamar Tseren Babur

Kawu ne ya koya mana kallon tseren babur ɗin nan da ba shi da birki. Ba ƙanin mahaifiyata ba ne na jini. Mutumin wajen Maraɗi ne, ya zo aikin Hajji tun ina firamare, bai koma ba, ya samu wani ɗan shago a lungun bayan tsohon gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka yana gyaran babura. Shagon da sunan wani yake, shi dai aikinsa kwance inji da ɗaurawa. Mahaifina ya riƙe shi kamar ƙani, shi ya sa muka taso muna ce masa Kawu. Da ƙafafun mahaifina suka daina ɗaukarsa, Kawu ne ke rufe shago duk Juma'a ya tura shi a keken guragu zuwa masallacin Harami, har Allah ya karɓi abinsa.

Kowa a gidanmu ya san Kawu ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Ba a maganar. Idan aka ce yau 'yan sanda na tare hanya suna duba takardu, sai ka ga shagonsa a rufe, washegari ya buɗe, ba mai tambaya. Ni kuwa a Makka aka haife ni, katin ɗan ƙasa gare ni, kuma ina aiki a ofishin wani otal a unguwar Jarwal. Hausa a gida nake yin ta. Idan raina ya ɓaci Larabci ne ke riga ta zuwa bakina.

Wani mai sayar da kayan gyara ne ya fara nuna wa Kawu tseren a waya. Kawu ya ce kwana biyu ya yi yana tunanin injin. Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum huɗu ne ke fita a lokaci ɗaya, a fili mai siffar ƙwai da aka shimfiɗa wa jar ƙasa. Zagaye huɗu suke yi, kafin ka shanye kofin shayi an gama. Babur ɗin giya ɗaya gare shi, kuma babu birki. Idan mahayi ya zo kwana sai ya karkatar da shi, tayar baya ta zame gefe tana watsa ƙasa, shi kuma yana jan ƙafar hagu a ƙasa da takalmin ƙarfe. Na farko maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. A ƙasashen Turai aka fi yin sa, cikinmu ba wanda ya taɓa ganin filin da idonsa.

Bayan na yi aure na koma unguwar Shisha, sai zaman kallon ya dawo falona. Mu huɗu ne. Akwai Kawu, akwai abokina mai tuƙa taksi, sai yayan matata, malamin lissafi a makarantar sakandare, wanda nake kira Yaya. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci mu ci shinkafa buhari, a kawo shayi, in kunna tseren makon da ya wuce. Dokarmu ɗaya ce, kada kowa ya leƙa sakamako a waya kafin ranar. Abokina mai taksi ya sha karya ta, amma fuskarsa kan tona shi.

Rabin daɗin abin gardama ce. Kawu ya ga hotunan tseren da, lokacin da ake fitar da zakaran duniya a rana ɗaya, ya ce wannan shi ne tsere, namiji ya fito ya nuna abin da ke cikinsa a gama. Yaya ya ce wannan caca ce, sarƙar babur ɗinka ta tsinke sau ɗaya wahalar shekara ta tafi, gara yadda ake yi yanzu, a zaga ƙasashe ana tara maki. Daga nan kuma su koma kan yadda ake lissafin makin kansa, ko makin kowace fita ya kamata a ƙirga, ko kuwa matsayin da mutum ya ƙare a ranar. Yaya yakan jawo takarda ya zana. Kawu yakan dube shi ya ce, "Malam, mi alƙalami ya sani game da kwana?" Mu yi ta dariya.

Akwai abin da ya kamata in faɗa game da ni da Yaya. Bai taɓa raina ni da baki ba, amma yana da wani irin shiru da yake yi idan na gama magana, sai ya gyara gilashinsa ya ci gaba da abin da yake faɗa kamar ban ce komai ba. Shekara biyu ina haɗiye wannan. Na ƙudurta a raina cewa wata rana sai na yi maganar da zai ce na yi daidai a gaban kowa.

Gardamar da ta jawo abin a kan zaɓen mahaya ce. Hanyar shiga gasar duniya uku ce. Waɗanda suka ƙare a sama bara, wurinsu na nan. Wasu kaɗan su shigo ta gasar share fage. Sauran kuma masu shirya gasar ne ke zaɓar su da hannunsu, su suka san dalilinsu. A shekarar da nake magana, sun ba wani tsohon mahayi wuri. Ya daɗe a gasar, amma a bara wani ya buge shi a kwana ya karye a cinya, ya yi watanni a kwance, makinsa bai kai ba. Shi kuma wani matashi ya je share fage ya yi ta cin manya, wuri ya kuɓuce masa da ƙiris, aka bar shi a waje.

Kawu yana son tsohon nan ƙwarai. Ya ce yana jin yadda yake sarrafa mai daga ƙarar injinsa kawai. Da labarin ya fito ya yi murna.

"An yi adalci," in ji shi. "Mutumin nan ba gudu ya kasa ba. Karya shi aka yi. In ka bar wanda ya ba abin nan ƙuruciyarsa a waje don ya faɗi sau ɗaya, to ba ka san mutunci ba."

Na ce matashin fa? Kawu ya ce matashi yana da gobe. Yaya bai ɗauki ɓangare ba, ya ce kowa ya zo da hujjarsa Juma'a mai zuwa, shi zai yi alƙalanci. Da wasa ya faɗa. Ni ban ɗauke shi wasa ba.

Makon nan gaba ɗaya na yi shi ina karanta abin da masoya tseren na ƙasashen waje ke rubutawa. Ina zaune a ofis, alhazai na jiran makullin ɗaki, ni ina kan waya ina bin gardamar mutanen da ban sani ba. Wasu na cewa zaɓen hannu kasuwanci ne, ana ɗauko wanda ƙasarsa ke cika fili da 'yan kallo. Wasu na cewa in ba zaɓen, gasar za ta rasa gwanayen da rauni ya kayar. Na kwashe maganganun da suka dace da ra'ayina na rubuta a waya, na watsar da sauran. Har a mota nake maimaita su ni kaɗai. Matata ta ce, "Kai kotu za ka?"

Ranar Juma'ar Kawu ya zo da wuri, sanye da farar jallabiyarsa ta masallaci, hannunsa riƙe da ledar lemon tsami da ya san matata na so. Muka ci abinci. Aka kawo shayi, shi ya karɓi butar kamar kullum, don ya ce mu ba mu iya zubawa ba. Ko talabijin ba a kunna ba na fara.

Na jero hujjojina ɗaya bayan ɗaya. Na ce tsere ba gidan jinya ba ne. Na ce idan tausayi ne ma'auni, to a daina ƙirga maki. Na ce matashin ya bi hanyar da aka shata, ya ci waɗanda aka sa a gabansa, me kuma ake so ya yi? Kawu yana amsawa a hankali, yana murmushi. Ya ce doka an yi ta ne don mutane, kuma mai hankali yakan bar wata 'yar ƙofa saboda ranar da dokar za ta cuci wanda bai yi laifi ba. Abokina mai taksi ya ce wallahi Kawu ya kawo magana. Na dubi Yaya, sai na ga yana gyaɗa kai.

Gyaɗa kan nan ne ya tunzura ni. Na ɗaga murya, na juya zuwa Larabci na ce nizami nizami ne, wato doka doka ce. Sannan na dawo Hausa, don ina so Kawu ya ji da kyau, na ce:

"Kawu, ƙofa ɗaya ce. Wanda ke da takardar shiga ya shiga, wanda ba shi da ita ya zauna a gidansu. Duk wanda ya shigo ta bayan gida wurin wani ya tare, ko da kuwa ya shekara talatin a ciki."

Abin da ya fi damuna har yau shi ne ban faɗi maganar nan cikin rashin sani ba. Ina tsakiyarta, daidai kan kalmar takarda, na gane inda ta nufa. Na ga hannun Kawu ya tsaya da butar shayi. Ina da damar yin shiru, ko in karkatar da zancen, ko in yi tari in bar ta a nan. Amma maganar ta zauna min daram a baki, kuma na ga Yaya ya ɗago yana kallona, sai na ƙarasa ta. Shekara talatin ɗin ma ba ta cikin abin da na rubuta a waya. Tsohon mahayin bai yi shekara talatin a gasar ba. Kawu ne ya yi kusan haka a Makka.

Falon ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Abokina ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarsa. Yaya ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu.

Kawu ya ƙarasa zuba shayin, ya miƙo min kofina kamar yadda ya saba. Ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Ka ci gardama."

Na kunna tseren don in rufe shirun. Muka kalli fita biyar ko shida, amma ni ko launin hular kwanon mahayan ban gane ba. Kafin kiran la'asar Kawu ya miƙe ya ce akwai wanda zai zo karɓar babur. Kowa ya san ba ya buɗe shago ranar Juma'a. Abokina ya ce bari ya kai shi, suka fita tare. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana saka takalmi, ya ce min a hankali, "Ka san abin da ka yi?" Na ce ai maganar tsere nake yi. Ya juya ya fita.

Na riƙe wannan ƙaryar kusan mako uku. Na faɗa wa matata maganar tsere ce, na faɗa wa kaina ma haka. Juma'ar da ta biyo Kawu bai zo ba, ya aiko abokina da cewa bayansa na ciwo. Ta bayanta ma haka. Hanyata daga Jarwal zuwa gida takan bi ta kusa da Utaibiyya, kuma na saba tsayawa in gaishe shi, sai na koma zagayawa ta wani titi mai nisa. Sau biyu na ɗauko waya na nemo lambarsa na mayar aljihu. Ina cewa bari ya huce tukuna, alhali na san ni ne ba na iya haɗa ido da shi.

Mahaifiyata ce ta kira ni. Tana zaune a gidan ƙanwata, ban san wa ya kai mata labarin ba. Na same ta a kan darduma tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Me ka ce wa kawunka?"

Na fara bayanin gasar share fage. Ta ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka babur ba."

Ta sauke hannunta. Ta ce, "Katin nan da ke aljihunka, wace gasa ka ci aka ba ka? Kakanka da ƙafa ya zo garin nan. Shekaru ya yi a hanya, yana noma a gonakin mutane a Sudan kafin ya samu na jirgin ruwa. Ba wanda ya tambaye shi takarda don lokacin ba a tambaya. Da ya makara da 'yan shekaru, da kai ma yau kana leƙen titi kafin ka fita." Ta ja carbinta kaɗan, ta ƙara da cewa, "Mutumin da ya tura ubanka zuwa Harami kai kana barcin Juma'a."

Ban iya ɗaga kaina ba. Ta ce kada in sake taka mata gida sai na je wurinsa.

Washegari da hantsi na nemi izini a ofis na tafi. Na same shi zaune a kan wata tsohuwar taya, ya kwance injin wani babur ya jera sassan a kan kwali. Na yi sallama ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi Hajiya mahaifiyata, ya jawo min kujerar roba ya goge ta da tsumma. Wannan karɓar ta fi min zafi fiye da in ya zage ni.

Ko a nan ma sai da na nemi hanyar zillewa. Na ce, "Kawu, na sake tunani a kan tsohon nan. Ina ga kai ne da gaskiya. Ya cancanci wurin."

Ya ci gaba da wanke wani ƙarfe a cikin fetur, bai ɗago ba.

"A'a," in ji shi. "Kada ka sauya ra'ayinka don ni. Ni ma na zauna na yi tunani. Yaron nan an cuce shi, ya yi abin da aka ce ya yi. In don maganar babur ka zo, to a nan kai ke da gaskiya, je ka abinka."

Na zauna ina kallon hannuwansa. Wani mai babur ya leƙo, Kawu ya ce ya dawo bayan azahar. Da muka rage mu biyu sai na sauko daga kujerar na durƙusa a kan simintin da ya sha baƙin mai, da fararen kayan ofis ɗina.

Na ce, "Kawu, ba don babur na zo ba. Maganar da na faɗa, na san inda za ta sauka kafin in gama ta, kuma na gama ta. Ina so ne in burge Yaya. Ka yafe min don Allah."

Ya ajiye ƙarfen ya goge hannunsa, ya daɗe yana gogewa.

"Na san ka sani," ya ce. "Na ga idonka. Da ba ka sani ba da dariya zan yi." Ya ajiye tsumman. "Maganar nan na sha jin ta a titi, daga bakin waɗanda ba su san sunana ba. Ba ta taɓa hana ni cin tuwo ba. Amma ban taɓa jin ta da Hausa ba, a ɗakin ɗan yayana, ina riƙe da butarsa."

Hawaye suka zubo min, ni da nake da 'ya'ya biyu. Ya ce in tashi kada in ɓata kayana, mutane na wucewa. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, saboda mahaifina da kuma saboda na faɗi gaskiya da bakina. Ya aika aka kawo shayi daga shagon da ke kusa, muka sha, ya nuna min abin da ya lalace a injin.

Ya dawo zaman Juma'a bayan haka, amma zaman bai koma yadda yake ba. Duk lokacin da zancen zaɓen mahaya ya taso sai wani ya yi sauri ya kawar da shi, kuma Kawu yana lura. Ni na daina gardama gaba ɗaya, har ya ce min wata rana, "Ɗana, in ba za ka yi musu da ni ba, mi zan zo yi?" Na yi ƙoƙari, amma kowace kalma sai na auna ta sau uku kafin in fitar, gardamar ta zama lami. Tsohon mahayin bai taɓuka komai ba a shekarar, cinyar ba ta bar shi ba, a ƙasa ya ƙare. Abokina mai taksi ya buɗe baki zai ce maganata ta fito, Yaya ya harare shi, sai ya haɗiye maganar.

Shekarar da ta zagayo Kawu ya yanke shawarar komawa gida. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji, kuma 'yarsa da ya bari a goye ta haifi 'ya'yan da bai taɓa gani ba sai a waya. Ya je wurin hukuma da ƙafarsa aka yi masa takardun fita. Na tambaye shi sau ɗaya ko maganata na cikin dalilan. Ya ce in daina ɗaukar kaina da girma haka, ya fara tunanin gida tun kafin in iya tuƙa mota. Na yarda da shi, ko da yake ba kullum ba.

Ni na kai shi ya yi ɗawafin bankwana, na tsaya daga baya ina riƙe da takalmansa. Kayan aikinsa ya bar wa mai shagon, abin da ya tafi da shi akwati ɗaya ne da jarkar zamzam.

Yanzu yana garinsu, ya buɗe rumfar gyara a bakin tasha. Zaman falona ya watse, don Yaya ya samu canjin aiki zuwa Jidda. Kawu yakan aiko min da saƙon murya idan an fitar da sunayen mahayan sabuwar shekara, ana jin ƙarar babura da kukan awaki a bayansa. Na bana ya yi minti huɗu yana faɗa a kan wani da aka zaɓa wanda ya ce ko kwana bai iya sha ba, a ƙarshe ya ce in gaida Hajiya, kuma in aiko masa da tseren farko don a can wayarsa ba ta iya buɗe shi.